Muhawarar da Baba Ya Zo Kallo

"Muryar wane ne wannan, Hajaratu?"

Baba Hammanjoda ya ajiye waya a kan tabarma tsakaninsa da 'yarsa, ya danna. Sai ga muryar Suhail ta cika zauren, tiryan-tiryan babu gargada:

"...don haka nake cewa zamanin yawo da shanu ya wuce! A killace su wuri ɗaya, kowa ya huta!"

Tafi ya biyo baya, hoton ya yanke.

Hajaratu ta sunkuyar da kai. Ta san ranar, ta san ɗakin taron, ita kanta tana cikin masu tafin nan.

"Baba, muhawara ce..."

"Muryar wa na tambaye ki."

"Suhail ne."

"Ɗan Maiturare. Wanda kika roƙe ni in bar iyayensa su zo nan Lau idan kin gama kwaleji." Ya girgiza kai. "A kasuwar shanu ta Iware aka kunna min wannan, a gaban sa'o'ina. Suka ce, Hammanjoda, ga surukinka yana yi maka kirari!"

"Wallahi Baba dokar gasar ce haka. Mutum ba ya zaɓar ɓangarensa. Ƙuri'a ake jefawa, abin da ya faɗo maka shi za ka kare, ko kana so ko ba ka so."

Baba ya dube ta, irin kallon nan nasa mai sanyi da ya fi tsawa ciwo.

"To, bingel am, 'yata, idan abin da ya faɗa yana ransa, maƙiyin sana'armu ne. Idan ba ya ransa, maƙaryaci ne. Wanne zan ba wa 'yata?"

Hawaye suka zubo mata.

"Maganar nan ta mutu," in ji shi, ya miƙe ya shige gida.

Kuka ta yi tun daga Lau har motar ta shiga Jalingo, inda kwalejinsu take.

Gasar muhawarar kwalejinsu ba ƙaramin abu ba ce. Duk shekara sassa ke karawa da juna, a yi ta zubar da mutane har a bar biyu. Wanda ya ci zai kai wa sashensa kofi, ya tafi da kwamfuta, sannan babbar kyautar da kowa ke haɗiyar yawu a kanta: gurbin koyon aiki a gidan rediyo bayan kammala karatu. Wannan gurbin shi Suhail yake mafarki tun shigarsa kwalejin, domin in bai samu ba, kantin turaren mahaifinsa na jiransa. Kuma bana, cikin ikon Allah, su biyun ne suka rage: Hajaratu daga sashen Turanci, Suhail daga sashen aikin jarida.

A ƙarƙashin mangwaron bayan ɗakin karatu ta same shi. Kallo ɗaya ya yi wa idanunta ya miƙe.

"Hajjo na, wa ya taɓa min ke?"

Ta labarta masa komai. Ya dafe kai.

"Amma ai na fara da cewa ƙuri'a ce ta ba ni ɓangaren! Ina farkon hoton?"

"An yanke shi."

Ba su sha wahalar gano mai almakashin ba. Suwaiba ce ke ɗaukar hoton gasar a madadin kwamiti, kawunta kuma dillalin shanu ne a Iware. Tun ajin farko take shafa wa Suhail zuma a magana shi kuma yana goge ta, ga shi mahaifiyarta ƙawar Hajiya Binta ce, mahaifiyarsa.

"Shi ya sa jiya Umma take ce min, in mutanen Lau ba sa so, ai gida bai ƙoshi ba, ga Suwaiba," in ji Suhail.

"Sai ka ce mata me?"

"Na ce mata zuciyata ba ƙuri'a ba ce. Hajjo, bari in je in sami Baba..."

"Ba zai saurare ka ba. Baba ba ya yarda da abin da aka gaya masa, sai abin da ya gani."

Ta sunkuya tana murza bakin mayafinta. Can ta ɗago.

"Suhail, ka tuna dokar zagayen ƙarshe? Mu biyu za mu zaɓi maudu'i daga waɗanda aka riga aka yi. Kuma ba a tsayawa ɓangare ɗaya sau biyu."

Ya zaro ido.

"A'a. A'a, rabin raina! In muka ɗauki maganar kiwo, ni zan kare makiyaya, ke kuma..."

"Ni zan ce a killace shanu. A gaban Baba."

"Zai yi fushin da bai taɓa yi ba!"

"Ya san ni ba maƙiyiyarsa ba ce, ya san bai haifi maƙaryaciya ba. Dole ya nemo wa abin suna na uku."

"In kuma bai nemo ba?"

"To na rasa ka, na kuma ɓata wa mahaifina rai. Amma in na zauna ma ai na rasa ka."

Malam Tobias, shugaban kwamitin gasar, ya cire tabarau ya dube su da suka kai masa zaɓinsu, ya yi magana da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji.

"Kai Hajaratu, ka tabbata? Mun tura wa babanka gayyata fa, zai zo. Kar ka kawo min yaƙi a hol!"

"Na tabbata, Malam."

Baba kuwa ya zo, don duk fushinsa ba zai ji an ce 'yarsa ta kai ƙarshe ya zauna a gida ba. Ya shigo da farar riga da rawani da sandarsa, Dada, mahaifiyar Hajaratu, na biye da shi a lulluɓe. Suwaiba ce ke zaunar da baƙi. Da murmushinta har kunne ta ja shi ta ajiye a kujerar gaba, daidai saitin mumbari, wai don kada kalma ɗaya ta wuce shi. Mugunta dai ba ta rasa ladabi idan ta so.

Malam Tobias ya karanta dokoki. Da an kira sunanka agogo ya fara tafiya, ƙararrawa na kaɗawa ka yi shiru. Babu zagi, babu katse abokin karawa. Maki na hujja ne, da murya, da kuma kallon jama'a ido cikin ido. Wanda ya sunkuyar da kai ya zubar da makinsa da hannunsa. Da ya faɗi maudu'i da ɓangaren kowa, Hajaratu ta ga Baba ya gyara zama, ya juyo ya dube ta.

Ita aka fara kira.

Ta fara da hujjojin da ta shirya, na burtalin da gonaki suka cinye, da shanun da ke ramewa a hanya, da yaran da ba sa zama a aji. Sai idonta ya faɗa kan Dada, abin da ta haddace ya gudu, wani abin daban ya zo bakinta.

"Ina da wa, Hamma Ismail. Duk rani shi ke kora garkenmu ya yi kudu. Tun daga ranar da ya fita, mahaifiyata ba ta cin abinci ya zauna mata sai wayarsa ta shigo. Idan aka ce an yi rikici a wani ƙauye, ba ma tambayar sunan ƙauyen, tsoro muke ji. Ni nonon shanun nan ne ya raine ni, shi ya kawo ni kwalejin nan. Ba na ƙin su. So nake yayana ya riƙa kwana a gida!"

Ɗakin ya ɓarke da tafi. Dada ta ja mayafi ta rufe fuska. Baba bai motsa ba.

"Suhail Maiturare!"

Agogo ya fara tafiya. Suhail ya taso da saurinsa na kullum, sai ya yi arba da Baba a gabansa, tsakaninsu bai fi tsawon sanda ba. Ya tsaya cak. Maimakon ya hau mumbari, sai ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

Ɗalibai suka kwashe da dariya. Malam Tobias ya nuna agogo yana raɗa da ƙarfi, "Kai, taim yana tafiya!"

Baba ya amsa a taƙaice. Suhail ya hau mumbarin ba takalmi, ya fara magana, kansa a ƙasa.

Hujjojinsa kuwa masu nauyi ne. Ya tambaya, ƙasar wa za a killace shanun a kai, ruwan wa za su sha? Ya kawo yadda manoman garin Kona ke kiran makiyaya da kansu bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. Ya ce mutumin da ya san kowace ciyawa da sunanta ba jahili ba ne, a fara tambayarsa kafin a yanke masa hukunci. Amma duk da katakon mumbari yake magana. Wannan Suhail ɗin da muryarsa ke kaiwa har bakin ƙofa, yau na baya sai sun miƙa wuya.

"Ɗaga kai mana!" wani ɗan sashensu ya yi ihu.

Hajaratu ta damƙe hannunta. Ɗago, Suhail, don Allah ɗago... gurbinka ne fa!

Bai ɗago ba. Ƙararrawa ta kaɗa bai kai ƙarshe ba.

Da aka kira sunanta a matsayin wadda ta ci, 'yan sashen Turanci suka ɗauki kofi suna tsalle. Ita kuwa ta karɓi kwamfutar tana kuka, kowa ya ɗauka na murna ne. Baƙin ciki ne fal ranta: ta ƙwace masa mafarkinsa, kuma har yanzu ba ta san abin da ke zuciyar Baba ba.

A waje, gindin bishiyar da aka ajiye motoci, Baba ya tsaya ya dogara da sandarsa.

"Kira min yaron."

Suhail ya zo, takalmansa a hannu, ya sake durƙusawa a kan tsakuwa cikin rana.

"A waya na ji bakinka kamar rediyo. Yau me ya kama ka?"

"Baba... ba zan iya kallon idonka ina ɗaga murya ba."

"Ba ka ji doka ba? An ce wanda ya sunkuya ya faɗi."

"Na ji, Baba."

"Ka san abin da ka rasa?"

"Na sani."

Baba ya gyara riƙon sandarsa.

"To yanzu babu ƙuri'a, babu ƙararrawa. Rannan ka ce a killace, yau ka ce a bari. Wanne ne naka?"

Suwaiba na can gefe da wayarta a ɗage, tana jiran abin da za ta sake yankawa.

"Gaskiya Baba, ban taɓa kiwo ba. Na karanta na wannan, na karanta na wancan, kowanne da gaskiyarsa. In na ce maka na san amsa, ranar ce zan zama maƙaryaci. Sai dai in ka yarda in zauna kusa da kai in koya."

Baba ya juya wajen Dada, ya yi maganar da ba a yi don kowa ya ji ba, amma Hajaratu ta ji.

"Yaron nan yana da semteende. Kunyar da na ɗauka ta ƙare a birni."

Sannan ya dubi 'yarsa.

"Ke kuma. Maganar Ismail... dokar gasa ce, ko ke ce?"

"Ni ce, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Ya sa bakin rawaninsa ya goge ido, wai ƙura ce ta shiga.

"Shekara da shekaru kina gidana ba ki taɓa faɗa min ba, sai da aka ba ki lasifika. Za mu zauna da yayanki kafin rani."

Ya juya ya nufi mota. Suwaiba ta sauke wayarta a hankali, ta sulale ta bar wurin. Suhail na nan durƙushe, bai san an sallame shi ko ba a sallame shi ba. Hajaratu ma ta bi Baba da kallo.

Baba ya kama murfin mota, ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ka ce wa Maiturare ina Lau, ƙofata a buɗe take."

"Baba!" Hajaratu ta toshe baki da hannu biyu.

"Hajjo, bar kukan nan haka. Ki ce masa ya tashi ya sa takalminsa, ƙasar nan da zafi. Kada ƙafar surukina ta ƙone."