Littafin Mama Mai Jan Bango

A garin Malang akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita da babanta suke zaune. Mamanta tana can Taiwan, tana aikin kula da wata tsohuwa. Ta daɗe rabonta da gida.

Kowa a gidan da irin littafinsa. Na Baba masu kauri ne, suna magana a kan rayuwar mutum idan furfura ta fara fito masa. Na Mama labaran soyayya ne, suna jere a kan kanta yadda ta bar su. Ita kuwa yarinyar, ba ta da abin so kamar labarin wata jaruma mai dokin iska, wadda take neman garinsu da ya ɓace. Ta karanta littafi na ɗaya har ta kusa haddace shi. Na biyun ne ya gagare ta samu.

Ran nan Malama Sulastri ta ce, "Gobe za mu yi musayar littattafai. Amma kowa ya tambaya a gida kafin ya ɗauko."

Ƙawar yarinyar, Wulan, ta raɗa mata, "Yayata tana da na biyun nan da kike ta mafarki. Ta ce ki kawo na soyayya, ta ba ki."

Da ta koma gida, Baba yana shagonsa na ɗinki. Ta tsaya gaban kantar. Ta zaro wani mai jan bango, wanda ya fi kowanne tsufa.

"Wa zai kula da wannan?" in ji ta a ranta.

Washegari ta dawo da littafin jaruma a jaka, tana tsalle.

Ranar Lahadi ce hutun Mama, ranar take bugo waya. Kullum yarinyar takan gaishe ta, sai ta ruga wasa. A wannan Lahadin ruwan sama ya hana ta fita. Ta ga Baba yana ta dube-dube, har ƙarƙashin kujera.

"Ba ki ga wani littafi mai jan bango ba?"

Ta yi dariyar dole. "Na soyayya? Kai Baba, da furfurarka?"

Kafin ya amsa, waya ta yi ƙara.

"Maigida, ina muka tsaya?" in ji Mama da fara'a. "Ya tarar da jirgin ruwan, ko ya tafi ya bar shi?"

"Yau sai haƙuri. Na nemi littafin na rasa."

Mama ta ce, "Shi ne wanda ka fara saya mini fa. Duk mako karatun nan nake jira. Idan kana karanta mini, sai in ji kamar ina zaune a kan tabarmarmu."

Yarinyar ba ta taɓa sanin haka ba. Ita ma tana kewar Mama, amma ba ta yi zaton manya suna yin kewa ba. Hawaye ya zubo mata.

"Ni na ɗauka, Mama. Na musanya shi a makaranta. Ban tambayi kowa ba."

"Haba 'yata," in ji Mama a hankali. Wannan ya fi faɗa ciwo.

Baba ya dube ta. "Ke kika fitar da shi, ke za ki dawo da shi."

Da safe ta faɗa wa Malama Sulastri gaskiya.

"Ban ce a tambaya ba?" in ji Malama. "To, da an tashi ki bi Wulan gidansu."

A hanya tana ta shafa littafin jaruma. Rabi kawai ta karanta. Jarumar ta hango hayaƙin garinsu ke nan. Duk da haka yarinyar ta miƙa wa yayar Wulan littafin, ta ba ta labarin abin da ya faru.

Yayar ta ɗauko mai jan bango ta ba ta. "Ke ma da gaggawa! Da aro kika roƙa tun farko, ai da na ba ki. Riƙe na jarumar ma. Idan kin gama ki dawo mini da shi."

Da Lahadi ta zagayo, yarinyar ba ta fita wasa ba. Ta zauna kusa da Baba, ta riƙe masa wayar. Ya gyara murya ya fara karatu.

"Ya tarar da jirgin!" in ji Mama, tana dariya har da tafi. "Ke kuma ki daina yi wa babanki dariya, ina jin ki."

"Mama, yaushe za ki zo?"

"Da Sallah, in Allah ya yarda. Ki ajiye mini wuri a tsakaninku."

Tun daga ranar ba ta ƙara ɗaukar kayan wani ba sai ta tambaya. Ta gane cewa abin da ka raina a kan kanta, wataƙila shi wani yake jira daga nesa.