Kitson Ya Gaji

Ranar da Zakir ya fara ganin Fanne, ɗankwalinta ya fara lura da shi kafin fuskarta. Ta ja shi har kan gira ta ɗaure tamau, ga mayafi a sama, alhali ana zafin watan Afrilu irin na Gashuwa. A shekarar 2005 ne, a kemis ɗin da yake tsaro kusa da tasha. Ta miƙo masa kwalin wani man gashi, ta ce irinsa take so guda biyu.

Ya tambaye ta na wa ne, ta ce na ƙawarta. To, Zakir ya yi makarantar koyon aikin lafiya, kuma ya sha ganin irin waɗannan ƙawayen, sai ya ce ta gaya wa ƙawar man nan ba abin da zai ƙara mata sai maiƙo.

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ji haushi ba.

"Gashin gaban goshina ne ya tafi," ta ce, kamar mai faɗin ranar kasuwa. "Daga Nguru na zo, don can kowa ya san ni."

Gaskiya ta faɗa. Fanne 'yar Ya Gaji ce, makitsiyar da kowace amarya a Nguru ke so ta zauna a gabanta. Kitson Ya Gaji sai ya yi wata guda bai tashi ba, domin ja take yi har sai girar mutum ta ɗage. Tun Fanne tana shekara biyar, duk sabon kitso a kanta ake fara gwadawa, mata su gani su zaɓa. Da ta kai sha shida aka ƙara mata da rilaksa, man nan mai miƙar da gashi. Yanzu tana ashirin da biyu, gashin gaba ya ja da baya faɗin yatsa biyu, wurin ya yi sumul. Ya Gaji ta ce gadon dangin uba ne, ta ci gaba da jawo ɗan abin da ya rage tana rufe wurin da shi.

Manema biyu Fanne ta sallama ba tare da sun yi laifi ba. A al'adar bikin garinsu, gaban matan dangin ango ake wanke kan amarya a kitse shi, ita kuwa ta gwammace ta tsufa a ɗakin uwarta da ta buɗe kan nan a tsakar gida. Ba ta kuka a kan abin. Ta ci abinci, ta yi salla, ta miƙa kai a kitsa, shi ke nan.

Zakir ya ba ta kujera, ya yi mata bayani a hankali. Ya ce kitso mai ja yana tumɓuke gashi daga saiwarsa, rilaksa tana ƙona fatar kai, ɗaurin ɗankwali tamau ma yana ci. Wani lokaci kuma ƙarancin jini ne, ko doguwar jinya, ko haihuwa, ko gadon da aka ce. Ya ce ta ga likita ya duba fatar, ya auna jininta. Ya rubuta lambarsa a bayan kwalin ya mayar mata, bai sayar mata da komai ba.

Sai da aka yi kwana tara ta turo tes.

"Na ga likita. Ya ce kitso ne, kuma jinina ya yi ƙasa. Ya ba ni ƙwayar ƙarin jini da wani magani da ake ɗigawa safe da yamma. Ya ce inda saiwar ta mutu ba zai dawo ba. Fanne."

Ya karanta ya fi sau biyar, bawan Allah, kamar wasiƙar soyayya aka aiko masa. Ya amsa: "'Yar Nguru, sannu da ƙoƙari. Magani sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga alama. Amma in ba a daina jan ba, aikin banza ne. Ni dai ko ya dawo ko bai dawo ba, ina so in zo gaisuwa."

"Ka zo, Likita. Amma kar ka sa rai da yawa, ni ban iya murna ba."

Ya zo ranar Talata a motar 'yan kasuwa, ya sake zuwa, har unguwa ta san shi. Shi ne mai surutun, ita sai dai ta saurara. Ya taɓa tambayarta ko tana sonsa, ta ce ba ta sani ba, amma duk Talatar da bai zo ba sai ta ga yinin ya yi tsawo. Zakir ya ce wannan ma ya ishe shi.

Maganar barin kitso ce ta gagara. Da Fanne ta gaya wa uwarta abin da likita ya ce, Ya Gaji ta ajiye tsinken kitso ta ce wato hannunta ne mugu, hannun da ya ciyar da gidan tun rasuwar ubansu. Ta ce ɗan kemis ba zai koya mata sana'arta ba, kuma in haka zai shigo, ya tsaya a Gashuwarsu. Fanne ba ta yi musu ba. Ta kwance kanta, ta yi kalaba huɗu sako-sako da hannunta, suka kwana ashirin gaisuwa kawai ke haɗa su.

A cikin kwanakin nan ne Saratu ta zo kitso. 'Yar ƙanwar mahaifiyar Zakir ce, a Nguru take zaune, kuma dangi sun daɗe suna yi mata sha'awarsa. Ta leƙa bayan ɗaki neman ruwa ta tarar da Fanne tana ɗiga magani, kai a buɗe, ga kwalbar ƙwayoyi a gefe. Kafin mako ya zagayo, magana ta isa kunnen Hajiya Fadimatu, mahaifiyar Zakir, cewa yarinyar gashinta yana zuba, tana shan magani a ɓoye, ciwon zamani ne. A shekarun nan wannan kalmar kaɗai ta isa ta rushe aure. Hajiya ta ce ba da ita ba.

Fanne ta ɗauka Zakir ne ya kai sirrinta gida. Ta rubuta masa: "Kai kaɗai na gaya wa. Na gode. Kar ka sake zuwa."

"Fannena, wallahi ko Hajiya ban gaya wa ba. Saratu ce ta gan ki. Ki yarda mu je a yi mana gwaji tare, ni ma a yi mini."

Suka je, sakamako ya fito lafiya lau. Hajiya ta kalli takardar ta ce ita ba ta yi boko ba, kuma ɗanta ma'aikatan asibiti duk abokansa ne. Fanne ta koma gida ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin akwati. Ba ta yi kuka ba. Ta ce wa uwarta maganar auren ta mutu, ta ɗauki tsintsiya ta hau shara.

Wannan sharar ce ta karya Ya Gaji. Ta zauna tana kallon 'yarta, yarinya an yi mata ƙazafi mafi muni amma ko fuskarta ba ta canza ba, sai tsoro ya kama ta. Washegari ta yafa mayafi ta hau motar Gashuwa, ba ta gaya wa kowa ba.

Ta tarar da gidan Hajiya cike da mata ana gyaran barkono, cikinsu har da waɗanda ta kitsa wa 'ya'ya. Hajiya ta ce su shiga ɗaki, Ya Gaji ta ce a'a, a nan aka ɓata yarinyar, a nan za ta yi magana.

"Hajiya, 'yata ba ta da ciwo. Hannuna ne. Shekara sha bakwai ina jan kan yarinyar nan don mata su ga aikina. Na ga yana tafiya, na ce gado ne, don kar a ce Gaji ta ɓata kai. Ku duba goshin 'ya'yanku da na yi wa kitso, za ku ga ya fara."

Wata tsohuwa ta kai hannu goshin jikarta. Kowa a wurin ya san makitsiya ba ta faɗin haka don wasa, domin abincinta ne ta zubar a gaban jama'a. Kuma ta yi asarar masu kitso da yawa a shekarar, ba a ɓoye ba.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. Zuwa lokacin ƙananan gashi sun tsiro a tsakiyar goshin, amma na gefe da gefe sun tafi ke nan. Zakir ya turo tes da safen wankin kai: "Amaryata, na ji labari, ban ga kai ba, kuma na saya. Ki zauna daram."

Aka shimfiɗa tabarma, mata suka kewaye. Fanne ta kwance ɗankwalin da kanta, ta ajiye a cinya. Hajiya Fadimatu ta tashi, ta karɓi sabulun daga hannun gwaggon amarya, ta durƙusa duk da ciwon gwiwarta, ta fara wankewa daga wurin da babu gashin.

"Ki yafe mini, 'yata," ta ce ƙasa-ƙasa. "Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya sa ki ga jikokinki."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa. Fanne ta kama hannun Hajiya da kumfarsa ta riƙe, ta ce ta yafe, sannan ta sunkuyar da kai aka zuba ruwan.