Kalmasar Rigar Almustafa

Saura kwana biyu Sallar Layya, Zuhura na zaune a rumfar tsakar gidansu a Tawa, ƙafarta a kan keken ɗinki, kunnenta kuwa yana ƙofar gida. Wata takwas ke nan da aka yaye ɗanta aka kai shi Barmu wurin kakarsa, Inna Kande, mahaifiyar mijinta Muktari. Da farko an ce kwana arba'in zai yi, amma tsohuwa ta riƙe jikanta, Zuhura kuwa ba ta da bakin cewa a dawo da shi. Ɗan fari ne, uwa ba ta nuna ɗokinsa a gaban manya. Ga shi kuma sunan surukinta marigayi ya ci, Almustafa, don haka ko sunan ba ta iya kamawa, Baba take ce masa.

Sai ga ƙarar moto, wato babur, a waje. Muktari ya shigo da sallama, ɗauke da yaron a kafaɗa, Inna na biye da shi da ƙullin kayanta.

"Madam tela, ga baƙinki na kawo miki!" in ji shi yana dariya.

Zuhura ta durƙusa ta gaida surukarta, ta kawo ruwa da fura, ba ta ko dubi inda yaron yake ba. Sai da Inna ta shiga ɗaki yin sallah sannan ta jawo shi jikinta, ta rungume shi tsam. Yana sanye da shuɗiyar rigar da ta ɗinka masa ranar da zai tafi. Ta yi mata kalmasa mai faɗin yatsa huɗu a ƙasa, don in ya ƙara tsawo a warware. Tun da safe ta ajiye reza saboda wannan aikin. Ta tsayar da shi, ta duba, ta sake dubawa. Rigar tana nan inda take tun ranar farko, ƙasa da gwiwarsa kaɗan. Babu abin warwarewa.

Ana cikin haka ɗan maƙwabciyarta ya shigo da gudu. Sati guda aka haife su, amma da suka tsaya tare sai Almustafa ya tsaya masa a kunne.

Inna Kande ta fito ta tarar da su a haka. Ta ja jikanta gefe.

"Zo nan angona, rabu da su. Ni dai na yi iyakar ƙoƙarina, kunun gyaɗa sau uku a wuni, da hannuna nake dama mai. Amma abin da aka sha a nono, kunu ba ya gyara shi."

"Haba Inna," in ji Muktari.

"Kai ka yi mini shiru! Duk zuri'armu dogaye ne, ubanka sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Wanga abu daga nono ne. In aka ci gaba da haka, duk ɗiyan da za ka samu haka za su fito. Ka yi tunani tun da wuri."

Zuhura ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta.

Washegari da hantsi ta kai wa Muktari abinci a rumfarsa ta gyaran moto. Ya goge hannunsa, ya dube ta.

"Zuhu, idonki ya kumbura. Kar ki sa maganar Inna a ranki. Ni na zaɓe ki, kuma har gobe ke ce zaɓina."

"Ba ta kaina nake ba, Malam. Baba nake ji. Da na miƙa shi, karnen awonsa, katin nan na asibiti, lafiya lau yake, kowane wata yana hawa. Ka roƙa mini Inna in bi su Barmu bayan Sallah. Ka ce ina son in koyi yin mai da ƙuli-ƙuli a wurinta."

"Ki bar kekenki, ki bar ni da tuwon kasuwa?"

"Za ka rayu," ta ce, ta ɗan yi murmushi.

Haka kuwa aka yi. Inna ta yarda, don ba ta ƙin mai taya ta aiki.

A Barmu kowa ya san man Inna Kande. Buhu-buhu take sayen gyaɗa ranar kasuwa, ta jibge a ƙaramin ɗakin da ke bayan gida. Kowace safiya sai ta baza tabarma, ta ɗauki faifai ta yi ta tsinta. Masu kyau, jajaye masu ƙiba, su ne na mai da ƙuli-ƙulin sayarwa, don ba ta yarda wani ya ce ya ji ɗaci a kayanta. Motsattsu, da masu baƙi-baƙi, da waɗanda ƙwari suka huda, sai ta zuba su a wata tsohuwar ƙwarya.

"Inna, waɗannan fa?" Zuhura ta tambaya ran farko.

"Na gida ne. In aka soya aka niƙa, wa zai gane? Ke ba ki ga yunwa ba, yarinya. Ni na ga shekarar da muka tona gidan tururuwa muna neman tsaba. Tun daga ranar ban sake zubar da ƙwaya guda ba."

Da la'asar Zuhura ta ga an soya abin da ke cikin ƙwaryar, an niƙa, an dama kunu, an sa sukari don ya kashe ɗacin. Inna ta ɗora yaron a cinya tana ba shi tana yi masa waƙa. Zuhura ta tuna wata rana a wurin awo a Tawa, da aka nuna wa mata irin wannan gyaɗar aka ce a nisanta ta daga bakin yara. Ta shiga ɗakin ajiya ta duba. Buhunan na zube a ƙasa, jingine da bangon da ruwan damina ya jiƙa, wurin sai warin fumfuna. Ta fasa ƙwaya guda, ta ga wata ƙura kore-kore a ciki.

To, ina za ta sa kanta? Ta yaya suruka za ta dubi tsohuwar da ke son yaron nan kamar ranta ta ce mata kunun hannunta ne ke cutar da shi? Sai ta zaɓi ta yi shiru ta yi aiki. Ta karɓi damun kunu. Kullum in Inna ta fita kai mai, sai ta debi ɗan kaɗan daga gyaɗa mai kyau ta dama wa yaron, abin da ke cikin ƙwarya kuma ta kai bayan garke ta tona rami ta binne.

Kwana tara tana haka. Ran na goma Inna ta manta mazubin mai, ta dawo, ta same ta durƙushe tana tura ƙasa.

"Innalillahi! Mi nake gani haka? Abinci kike binnewa? A gidana?"

"Inna, ki yi haƙuri, ki saurare ni..."

"Ba abin da zan saurara! Nono bai yi ba, hali ma bai yi ba! Almubazzara!"

Nan take ta sa aka kira mata Muktari a waya. Kafin azahar ya iso, duk ƙura ta rufe shi. Inna na zaune a kan tabarma, ko gaisuwarsa ba ta amsa da kyau ba.

"Ka ɗauke ta ka kai ta gidan ubanta. Yaro yana wurina. In kuwa ka ƙi, to ka zaɓa, ko ni ko ita."

Muktari ya ja matarsa zuwa zaure, ta faɗa masa duk abin da ta gani. Ransa ya ɓaci, ya miƙe.

"Yanzu zan gaya mata gaskiya, kowa ya huta!"

Zuhura ta riƙe hannun rigarsa. "Don Allah kar ka yi. In ka faɗa mata cikin fushi, ba za ta yarda ba, kuma ba za ta yafe maka ba. Uwarka ce. Gobe ranar awo ce a gidan likita. Ka roƙe ta mu je tare. In an ce nonona ne, wallahi da ƙafata zan tafi gida."

Ya koma ya zauna kusa da ita. "In kin tafi, ni kuma in zauna da wa?"

Da Inna ta ji sharaɗin, sai ta ce, "Mu tahi! Ai gara a faɗa a gaban mutane." Ta kuma ɗauki ragowar gyaɗar ƙwarya ta ƙulle a gefen mayafinta, don ta nuna wa duniya abin da surukarta ke binnewa.

Gidan likita cike yake da mata da yara. Ma'aikaciyar awo, wata dattijuwa mai fara'a da ake kira Madam Habi, ta ɗora Almustafa a sikeli, ta kwantar da shi ta auna tsawonsa, sannan ta buɗe karnen awon da Zuhura ta miƙa mata. Ta bi layin da yatsa.

"Duk lokacin da yake shan nono yana hawa yadda ake so. Daga yaye ne ya tsaya. Mi yake ci?"

"Kunun gyaɗa, sau uku!" Inna ta amsa da ƙarfi. Ta kwance ƙullin ta zube a kan tebur. "Ga shi, irin wanga. Shi wagga yarinya ke tona rami tana binnewa."

Madam Habi ta ɗauki ƙwaya guda ta fasa, ta nuna mata koren da ke ciki. Ta sassauta murya.

"Inna, kin ga wannan fumfunar? Tana barin wani dafi a cikin gyaɗa da masara in sun sha danshi. Ido ba ya ganin dafin, suya ba ta kashe shi, tafasa ma haka. Babba ma yana yi wa hantarsa illa a hankali, balle ƙaramin yaro. Yana iya hana abinci amfani a jikinsa, ya yi ta ci amma girma ya tsaya. Ban ce shi kaɗai ne sanadi ba, za mu duba shi sosai. Amma wanda ya binne wannan gyaɗar ya yi daidai. Ko dabba mai ba da nono bai kamata a ba ta ba."

Mata suka fara kallon Inna, wata ta taɓa wata. Wata mai tsegumi ta ce, "To wa ke dama masa?"

Kafin Inna ta buɗe baki, Zuhura ta matso ta tsaya a gabanta.

"Mu ne, ni da Inna. Gidanmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Kuma ku faɗi gaskiya, wace ce a cikinku ba ta ajiye tsintar gyaɗa don miya?"

Wasu suka sunkuyar da kai, wata ta yi dariyar kunya ta ce ita ma tana da rabin tiya a ɗaki.

Madam Habi ta ce a riƙa ba yaron gyaɗa mai kyau, da wake, da ƙwai, da zogale, a kuma kawo shi awo kowane wata. Ta ce ba ta yi alkawarin duk tsawon da ya rasa zai dawo ba, amma yaro ne ƙarami, akwai sauran lokaci.

Da suka koma gida, Inna ta wuce kai tsaye bayan garke, ta tona rami da hannunta, ta zuba ragowar gyaɗar, ta rufe. Ta daɗe a tsugune. Da ta taso, idonta jawur.

"Na ba baƙi mai kyau, na ba angona mai ɗaci," ta ce. Ta dubi Zuhura. "Na zage ki a gaban mijinki, ke kuma kin rufa mini asiri a gaban gari. Ɗiyata, ki yafe mini. Ki ɗauki ɗanki ku tahi."

Zuhura ta durƙusa tana kuka. "Ba ki yi mini komai ba, Inna. Kuma ba zan raba ki da shi ba. Sati biyu a wurinmu, sati biyu a wurinki, in kin yarda."

"Ji mini yarinya! Har da rabon kwana?" Inna ta ce, tana share ido tana dariya.

Kafin ya koma Tawa, Muktari ya toshe tsagar bangon ɗakin ajiya, ya jera itatuwa aka ɗora buhuna a sama. Inna ta baza gyaɗarta a rana a kan tabarma har ta bushe ƙarau. Tsohuwar ƙwarya kuwa aka mayar da ita ta ɗiban toka.

Bayan wata bakwai, wata safiya Zuhura na kan kekenta sai ta ji sallama. Inna Kande ce, da yaron a hannu, da shuɗiyar riga a kafaɗarta. Ta jefa mata rigar a cinya.

"Ke tela, wane irin ɗinki ne wanga? Angona yana yawo gwiwa a waje kamar ɗan dambe! Ki warware mai."

Zuhura ta ɗauko rezar nan da ta daɗe a ajiye. Ta warware yatsa biyu, ta bar biyu don gaba. Har yanzu ɗan maƙwabciya ya fi shi tsawo, amma yanzu ya kai masa gira. Muktari na tsaye a bakin ƙofa yana kallon matarsa da mahaifiyarsa sun haɗa kai a kan riga guda, ya yi hamdala a ransa.

To 'yan uwa, ku riƙe abu biyu daga wannan labari. Gyaɗa ko hatsin da ba za ku iya sayar wa baƙo ba, kada ku zuba shi a kofin yaro, domin tattalin da ya taɓa lafiyar ɗa hasara ce. Sannan in gaskiya tana hannunku a kan babba, ku bi da ita ta hanyar da ba za ta zubar masa da mutunci ba. Da haƙuri da ladabi Zuhura ta tsira da ɗanta, da aurenta, ta kuma sami uwa a wurin da ta zaci ta rasa.