Fitilar Hagu ta Jif ɗin Alhaji Dankure

Ranar da Sunusi ya fara ganin Ummu Hani, tana zaune ne a bayan wata tsohuwar jif, kwandon kifi a gefenta, tana kare fuska da mayafi. Mahaifinta Alhaji Dankure manomin shinkafa da albasa ne a Argungu. Ya shigo Birnin Kebbi saboda siginar motar ta hagu tana ƙiftawa da sauri kamar idon mai jin tsoro, aka nuna masa rumfar Sunusi a unguwar Nasarawa, inda yake gyaran wayoyin mota.

Sunusi ya canja ƙwan fitila ya ce a kunna, sigina ta dawo daidai. Da a wata rana ce, da sai ya bi wayar har inda ta ƙare. Amma ranar hankalinsa yana kan gilashin baya.

"Mai waya," in ji ta a hankali, "fitila kake gyara ko gilas?"

Sukudireba ta suɓuce daga hannunsa. Ta yi dariya cikin mayafi, motar ta tashi.

Lambarsa tana rubuce da fenti a jikin rumfa. Washegari saƙo ya shigo: "Salamu alaikum. Baba ya ce fitila lafiya lau. Ni ce ta bayan mota."

Ya amsa: "Fitila ta gyaru, mai gyaran ne ya lalace. Sai ki zo ki duba shi."

Daga nan ya zama duk Juma'a babur ɗinsa yana ƙofar gidansu. Tana ce masa Mai Waya, yana ce mata Hanina. Yayanta Kalilu ya zama abokinsa, har manya suka fara jin ƙamshin magana.

Sai damina ta sauka, abin ya faru.

Direbobin hanyar Argungu suna da wata al'ada da kowa ya sani. In na gaba ya hango mota tana tahowa, sai ya sa siginar hagu, wato na baya kada ya fito. In hanya ta buɗe, sai ya sa ta dama, wato ya wuce. Mutane da yawa ba sa ma leƙawa, fitilar na gaba kawai suke bi.

Ranar nan Alhaji yana gaba a jif, Kalilu yana biye da shi a babur. Alhaji ya hango motar itace tana tahowa ya sa sigina. Kalilu ya fito, ya yi karo da motar itacen. Allah ya yi da sauran kwana, ƙafarsa ce ta karye, babur kuwa ba a ma ɗauko shi ba.

Alhaji ya rantse hagu ya sa. Kalilu, yana kwance a hannun maɗori, ya rantse dama ya gani. Uba da ɗa suka daina haɗa ido, gidan ya yi tsit kamar ana zaman makoki.

Jamil, ɗan abokin Alhaji da ke sayar da motoci a unguwar Gesse, wanda ya daɗe yana son Ummu Hani, shi ya kawo magana. Ya ce ai ba wani abin mamaki, wanda ya taɓa fitilar nan a ƙarshe shi ya haɗa wayoyi a juye. Kafin mako ya zagayo zancen ya kai Nasarawa, motoci suka fara wuce rumfar Sunusi ba tsayawa. Alhaji ya aiko a gaya masa kada ya sake ganin ƙafarsa a ƙofar gida.

Saƙon Ummu Hani ya zo gajere: "Mai Waya, faɗa min gaskiya. Kai ne?"

Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya rubuta: "Ban juya waya ba, Hanina. Amma ban duba yadda ya kamata ba. Abin da ya fi damuna, motar tana kan hanya har yanzu, kuma wani zai sake bin bayanta."

Ba ta amsa ba sai da yamma: "Yaya Kalilu ya ce ka zo gobe bayan azahar. Baba zai je ta'aziyya."

Ya iso Argungu hadari yana haɗuwa ta gabas, baƙi ƙirin. Kalilu yana zaune a kan benci da sanda a gefensa, ya rame. Jif tana ƙarƙashin dalbejiya, laka ta bushe a tayoyinta. Mutum ɗaya ba ya iya zama a sitiyari kuma ya ga fitilar baya, don haka Ummu Hani ta tsaya a bayan motar tana faɗa masa abin da ta gani.

Ya sa hagu, ta ce hagu. Ya sa dama, ta ce dama. Ya ciro fiyus ya duba, lafiyarsa lau. Ya kasa kunne ga filasha, ɗan akwatin da ke sa fitila ƙiftawa, yana bugawa daidai. Ya kwance makunnin da ke jikin sitiyari, ya taka birki, ya kunna manyan fitilu, ya jijjiga motar da kafaɗa. Ba abin da ya canja. Motar tana amsawa kamar ba ita ba ce ta kusa kashe mutum.

Kalilu ya sunkuyar da kai ya ce to ke nan shi ne idonsa ya yi masa ƙarya. Iska ta taso, ƙofar zaure ta buga. Sunusi ya zauna a ƙasa, hannuwansa baƙi.

Ummu Hani ce ta leƙa cikin motar, sannan ta ce ranar hatsarin ta so ta bi su, Baba ya ce babu wuri, saboda an cika baya da buhunan takin zamani.

Sunusi ya miƙe. Sauran takin yana zaure. Ya riƙa ɗaukowa yana jibgawa har ƙarfen bayan motar ya yi ƙara ya lotsa. Ya koma sitiyari ya sa hagu.

Ya leƙo ta taga.

"Hanina, mi kika gani?"

"Ta hagu ta kusa mutuwa," in ji ta. "Ta dama ce ke ƙiftawa."

Ya sauke buhunan ya ɗaga tabarmar roba. A kusurwar hagu akwai ƙusar da ke ɗaure wayar fitila da jikin mota. Takin da ke zubewa shekara da shekaru, da ruwan fadama da motar ke ratsawa, sun cinye ta ta zama tsatsa. In mota ba kaya, wayar tana ɗan taɓa ƙarfe sai komai ya yi daidai. In nauyi ya danne, sai ta rabu, wuta ta rasa hanya ta bi ta wata waya ta fito a fitilar dama.

Suna tsaye a kanta Alhaji ya shigo. Ba wanda ya ji sallamarsa. Sunusi ya durƙusa, Kalilu ya roƙi mahaifinsa ya tsaya a baya ya gani da idonsa. Aka mayar da kaya aka sa hagu. Alhaji ya daɗe yana kallon fitilar dama tana ƙiftawa, sannan ya je ya dafa kan ɗansa.

Ya juyo ga Sunusi. "Ranar da na kawo maka ita, ka ga wanga tsatsa?"

"Ban gani ba, Baba. Ban ɗaga tabarma ba. Da na ɗaga da na gani."

Alhaji ya ce ya gyara. Sunusi ya kankare ƙarfe har ya yi fari, ya sa sabuwar ƙusa, ya ja waya ta biyu ya ɗaure a wani wuri daban. Da ya gama Alhaji ya ce a bar takin a ciki.

"Zan tahi Birnin Kebbi yanzu. Ka biyo ni a babur ɗinka. Kada ka leƙa. Abin da fitila ta ce maka shi za ka yi, in ka yarda da hannunka."

Ummu Hani ta riƙe bakinta da mayafi. Sunusi ya tada babur.

Yayyafi ya kama su bayan gari. Jikin jif ya tare masa hanya gaba ɗaya, ba ya ganin komai sai fitilu biyu da laka. Sun yi nisa ba wadda ta motsa. Can ta hagu ta kama ƙiftawa, ya tsaya a bayanta, sai ga tirela ta shinkafa ta wuce da iskar da ta kusa kayar da shi. Jim kaɗan ta dama ta kama. Ya yi bismillah ya fito ba tare da ya leƙa ba.

Hanya fayau, ba kowa.

Da ya zo daidai taga Alhaji ya sauke gilas ya ɗaga murya cikin ruwa: "Ka turo manyanka."

Bayan an girbe shinkafa aka ɗaura aure a Argungu. Jamil ya aiko da sabuwar mota a ɗauki amarya don ya wanke kansa, Alhaji ya yi godiya ya mayar. A tsohuwar jif aka kai Ummu Hani Nasarawa, Kalilu ne a sitiyari, ƙafarsa ta warke sai ɗan ɗingishi. Kafin su tashi Alhaji ya zagaya baya da kansa, ya sa aka kunna hagu, aka kunna dama, sannan ya ɗaga hannu ya ce Allah shi ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, Allah shi tsare gabansu da bayansu.

A hanya saƙo ya shigo wayar ango, wanda ke cikin motar da ke biye: "Mai Waya, hanya kake kallo ko gilas?"

Ya rubuta: "Fitila nake kallo, Hanina. Gilas ɗin sai mun isa gida."