Yarinyar da Ta Gyara Abin da Bai Lalace Ba

A Zongon Kwatano, a ƙasar Benin, akwai wata yarinya mai son tsari har ya yi yawa. Mahaifiyarta tana sayar da duwatsun wuya, ita kuwa tun tana ƙarama aikinta ware su: ja da ja, shuɗi da shuɗi. In ta ga launi biyu a zare ɗaya, hankalinta ba ya kwanciya.

A makaranta, malaminsu Mushe Alassane ya raba ajinsu biyu-biyu. Za su nuna da duwatsu abin da kuromozom, zaren gado na cikin ƙwayar halitta, ke yi a farkon meyoz, wato rabuwar da ke samar da ƙwayoyin haihuwa. Aikin da ya fi kyau za a kai shi baje kolin makarantu. Ranar darasin yarinyar tana kwance da zazzaɓi. Da ta warke kuma ba ta tambayi kowa abin da aka koya ba.

Ƙawarta Nimatou, wadda aka haɗa su tare, ce ta yi aikin ita kaɗai, kuma ta ci buri a kansa. Da ruwa ya shiga gidansu a unguwar Ladji, sai ta sa shi a kwali ta kawo wa yarinyar ajiya a Zongo.

Yarinyar ta buɗe kwalin, ta riƙe baki. Zaren ja ya hau kan na shuɗi. Ga shuɗayen duwatsu a wutsiyar ja, ga jajaye a ta shuɗi. Ta ɗauka garin gudun ruwa ne suka cakuɗe. Nan da nan gwanar tamu ta warware komai, ta mayar da kowane launi gidansa, tana jiran godiya.

A aji Nimatou ta buɗe kwalin. Sai hawaye.

"Wa ya raba su?" in ji Mushe.

"Ni ce, Mushe. Na ga sun cakuɗe."

"Ai cakuɗewar ita ce darasin. Ja daga uwa ne, shuɗi daga uba. Kowane kuromozom yakan nemi takwaransa, su jeru gefe da gefe. Sai su sarƙe, su yi musayar gutsuttsura. Shi ya sa 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba sa zama iri ɗaya sak."

Kunya ta rufe yarinyar. Ta roƙi Mushe kada ya hana Nimatou baje kolin, domin laifin nata ne ita kaɗai. Ya ba su zuwa Litinin su sake aikin.

A gida ta faɗa wa mahaifiyarta komai. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki.

"A tirena ake ware launi, 'yata. Ke kanki ba hancin kakanki na Nijar ne da ke ba, da idon kakarki ta nan?"

Ta ɗebo musu duwatsu masu sheƙi. Nimatou ta yafe, ta zo ta zauna tana nuna mata inda zaren zai sarƙe. Wannan karon yarinyar da hannunta ta zura shuɗi a zaren ja.

Aikinsu aka zaɓa. Yarinyar ta gode wa Inna, ta gode wa Mushe, ta riƙe hannun Nimatou ta kasa saki don daɗi.

Daga ranar, kafin ta gyara aikin wani, sai ta fara tambayar mai shi.