Rabin Malmala

Hansai ta dire tire a gaban mijinta, ta buɗe kwano. Tuwon dawa ne rabin malmala, da miyar kuka ba ko ɗigon man shanu.

"Yau kuma rabi?" in ji Alhaji Haladu.

"Rabi, Alhaji. Ai ka ji likita. Ya ce wanda ya ba arba'in baya, jikinsa ba ya ƙona abinci kamar na saurayi; in nauyi ya tsaya, sai a ƙara ragewa. Wata biyu ke nan kana kan kilo ɗari da biyu, ko gezau."

Alhaji ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Shi dai ya san abin da ya tsayar da nauyin nan.

Tun da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, Kano ta kama gine-gine, Haladu ya samu kwangilar kai yashi daga kogin Wudil. Tifa biyu, Makka sau ɗaya, sai tumbi ya biyo baya. Ran nan jiri ya kayar da shi a bakin kogi, likita a Kano ya ce hawan jini ne, ko ya rage ƙiba ko ya bi sahun mahaifinsa, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Hansai ta ɗaura ɗamara. Ta janye sukari, ta janye mai, malmala uku ta koma ɗaya. Kuma don kada ya ci shi kaɗai cikin ƙunci, abin da ta zuba masa shi take zuba wa kanta. Kilo takwas suka zube, daga nan abu ya cije.

Abin da baiwar Allah ba ta sani ba, kullum bayan azahar ƙanwarsa Yelwa na kai masa akushi rumfarsa ta bakin kogi daga wurin Inna: dambu yana naso da man shanu, ga ƙwaryar fura da nonon Fulani. Haladu ɗan fari ne. Tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama hira da shi. Akushin nan shi ne duk maganar da ke tsakaninsu. To, da wane baki zai mayar? Sai ya lashe tas, ya dawo gida ya zauna gaban rabin malmala kamar mutumin kirki.

Bai kai loma ta biyu ba Yelwa ta yi sallama. Idonta ya faɗa kan kwanon, ta riƙe haɓa.

"Yaya, wannan abincin mutum ne ko na kaza? Wai dayet, rage ƙiba! Mu ma mun yi makaranta, ba mu ga inda aka ce a kashe miji da yunwa ba."

Ta suri kwanon, ta yi gidan Inna da shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a tsakar gidan Inna. Baffa Gidaɗo, ƙanen mahaifin Haladu, shi ya yi magana.

"Hansai, shekara ashirin da biyu ba mu taɓa jin kanku ba. Amma mijin da Allah ya buɗa wa, a ce riga tana yi masa yawa? Gari ya ɗauka ba ki san darajarsa ba. Mun yanke ki tafi Indabo wurin iyayenki, ki huta, sai an neme ki."

Hawaye ya zubo wa Hansai. "Baffa, likita ne ya ce..."

"Likitan ne ya aure shi?" Yelwa ta katse ta. "Wallahi ba don akushin da nake kai masa kullum ba, da tuni wani zancen ake yi."

Hansai ta ɗago a hankali ta dubi mijinta. A nan ne Haladu ya lura da wuyanta, ƙasusuwa sun fito, warwaron hannunta ya zame har gwiwar hannu. Ashe wata biyu ita kaɗai ke yin ramar! Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Shiru ɗaya zai ƙara yi, matar ta tafi da laifin da ba nata ba.

Ya zame daga tabarma, ya durƙusa.

"Baffa, ni ne mai laifi. Ciwon Baba ne ya kama ni, na ɓoye muku don kada hankalin Inna ya tashi. Hansai rai take nema mini. Ni kuwa ina cin dambu a ɓoye, ina kallo tana rage cikinta saboda ni. In akwai wanda za a kora, ga ni."

Inna, wadda ta yi jinyar mijinta shekara huɗu tana juya shi a kan gado, ta gyara zama. Ko a ranar ba ta dubi ɗanta ba. Surukarta ta kira.

"Matso nan, 'yata. Nawa aka ce a ba wancan?"

"Rabin malmala, Inna. Da ganye, ba mai."

"To, rabin za a ba shi." Ta kama tsintsiyar hannun Hansai, ta juya ta. "Ke Yelwa, daga gobe akushin nan ɗakin yarinyar nan za ki riƙa kaiwa, ki tsaya sai ta cinye. Mun ci amanarki, Hansai, ki yafe mana."

"Ba komai, Inna," in ji ta, tana kuka.

A hanyar gida Haladu ya kasa haɗa ido da ita. Da ƙyar ya ce, "Ni fa, kin yafe mini?"

"Kai sai na ga sikeli ya motsa," in ji Hansai, tana share ido da bakin mayafi.

Kafin babbar salla kuwa ya motsa, jirin ya tafi, ita ma kumatunta suka dawo. Jama'a, ba mai cika maka kwano ne kaɗai ke ƙaunarka ba. Wani don ya ga ka daɗe yake rage maka. Wanda ya samu irin wannan a gidansa, kada kunyar dangi ta sa ya bar shi ya ɗauki laifi shi kaɗai.