Jak Biyu a Motar Hajja Gana

Buhun gero biyu. Jarkar man gyaɗa. Kaji huɗu a kwando. Taya safaya. Jak biyu na ɗaga mota.

Abin da ke cikin tsohuwar Fijo 404 ta Hajja Gana ke nan ranar Alhamis da la'asar, tana dawowa daga gonarta ta Droum. A mashigar Zinder akuya ta gitta. Yakuba direba ya taka birki. Nazir, ɗan kabu-kabun da ke bin su, bai ga jar wuta ba, ya daki bayan motar. Ƙafarsa ta karye wuri biyu.

Kafin magariba 'yan sanda sun tsare Kassim, mai gyaran wutar mota, a komisariya. Shi ya gyara fitilun birkin ranar Laraba. Dangin Nazir suka ce sakacinsa ne. In ta tabbata, sai kotu, garejin da ya buɗe wata takwas da suka wuce kuma ya mutu.

Ofisiye Zakariya'u aka ba binciken. Ya karanta jerin kayan sau biyu, ya ja layi a ƙarƙashin na ƙarshe. Da safe ya sa aka fito da Kassim farfajiya, wurin motar.

"Me ka yi mata?"

"Makunnin da ke bayan fedar birki na canza, Shef. Yakuba ya taka, Hajja ta ga wuta da idonta."

"To nemo mini inda wutar ta tsaya. Ina kallo."

Kassim ya fara daga baya. Ƙwan fitila biyu, lafiya. Fizibil, mai katse wuta in ta yi yawa, bai ƙone ba. Ya kankare inda wayar mas ke ɗaure da jikin mota, babu tsatsa. Ya sa na'urarsa a makunni, aka taka birki, wuta ta fita. Ba ta dai isa baya.

"A hanya take ɓacewa," in ji shi.

Suka bi wayar taku-taku har ta shige ƙarƙashin kujerar baya. Suka ɗaga kujerar. Akwai tsohon haɗi a wurin, an kwance shi. Bakin wayar da ke ɗauke da wuta an naɗe shi tsaf da zirin robar tayar keke, an ƙulle. Yankan robar sabo ne.

"Wallahi ban san da haɗi a nan ba," Kassim ya ce.

Zakariya'u ya zazzage akwatin aikin Kassim. Baƙin sikoc na naɗe waya, naɗi uku. Roba ko ɗaya babu. Ya mayar da kujerar yadda take.

Ya kira Yakuba.

"Kana da matsala da Hajja?"

"Ni? Shekara goma sha biyu ina jan ta. Kuma ai ina cikin motar, Shef. Da tirela ce a bayanmu fa?"

"Mota ɗaya, jak biyu. Me ya sa?"

"Ɗayan tsoho ne. Baba Suma'ila ya dawo da shi jiya da safe. Ya ce tun da an canza mai gyara, kada a ce ya riƙe kayan mutane."

"Wa ya sa shi a mota?"

"Shi da kansa. Ya aike ni sayen goro."

"Minti nawa?"

"Mai goron yana bakin masallaci. Goma, ko fiye."

Hajja Gana tana zaune a benci, carbi a hannu. Motar ta marigayi mijinta ce, ta ƙi sayarwa.

"Hajja, wane ne Suma'ila?"

"Shi ke duba mana wutarta tun maigida yana da rai. Bana sau uku yana gyara fitilun nan suna mutuwa. Idonsa ya yi rauni, ɗana. Na kai wa yaron nan, ya gama kafin shayi ya huce."

"Kin gaya wa Suma'ila haka?"

"A gaban abokansa ma na faɗa. Ƙarya na yi?"

Zakariya'u ya aika a kira Suma'ila daga rumfarsa ta unguwar Birni. Ba a ce masa ana zarginsa ba. An ce 'yan sanda na neman wanda ya san motar.

Ya zo da hantsi, doguwar riga mai tabon mai, gilashi ɗaure da zare. Ya shafa murfin injin kafin ya gai da kowa. Ya dubi Kassim sama da ƙasa.

"Mai difilom ne wannan? An ce Yamai ka yi karatu. Ina na'urar mai lambobi? Ba ta gaya maka komai ba?"

Kassim ya sunkuyar da kai.

"Baba, mun rasa inda take," Zakariya'u ya ce. "Ko za ka taimaka?"

"Shekara talatin da ɗaya ina jin numfashin motar nan. Ku matsa."

Bai dubi fitila ba. Bai taɓa fizibil ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya ɗaga kujera, ya zaro wayar ya ɗaga ta sama don Hajja ta gani.

"Ga ta. Ko minti ɗaya ban yi ba."

Ba wanda ya yaba. Ya dubi fuskokinsu, hannunsa ya sauka a hankali.

"Duk mai gyara da ƙwan fitila yake farawa, sannan fizibil, sannan makunni," Zakariya'u ya ce. "Kai ka tsallake su, don ka san lafiyarsu ƙalau. Haɗin nan kai ka yi shi, ba wanda ya san da shi sai kai. Jak ɗin dalilin shiga gidan ne, goron kuma na kawar da Yakuba."

"Waya tana kwancewa da kanta. Hanyar Droum duk gargada ce."

"Tana kwancewa. Ba ta naɗe kanta da roba. Mai sakaci tsirara zai bar ta. Mai ƙin Hajja bai damu ta taɓa ƙarfe mota ta kama da wuta ba. Wanda ya yi wannan yana son motar. Yaron ne ba ya so."

Zakariya'u ya miƙa hannu. Suma'ila ya daɗe kafin ya juye aljihunsa. Goro biyu, reza, da zirin roba huɗu.

"So na yi ta dawo da ita wurina," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kwana biyu kawai, ta ga aikin nasa bai riƙe ba. Hajja, ni na ɗauko Alhaji daga asibiti a motar nan. Sai ki ce kafin shayi ya huce?"

"Nazir yana can an ɗaure masa ƙafa da ƙarfe," Hajja ta ce. Ta tashi, ba ta sake kallonsa ba.

Suma'ila ya juya ga Zakariya'u, wayar har yanzu a hannunsa.

"Bari in haɗa ta kafin mu tafi. Shi bai san yadda ake murɗa ta ba."

Zakariya'u ya zare wayar daga yatsunsa, ya janye shi gefe, ya rufe ƙofar motar.

"Kassim zai haɗa ta. Kai za ka shiga inda ya kwana."